Gidan mai gandu da ya koma gidan manomi a Ingila: yadda ake gane shi, da yadda ake gyara shi

Baban Ummi:
Assalamu alaikum. A rajistar tsofaffin gine-gine da hukumar Historic England ke riƙe da ita, akwai gidaje da dama da aka rubuta cewa gidan manomi ne, amma asalinsa gidan mai gandu ne, wato ubangidan ƙauye da manoma ke biya wa haya, wanda kuma a gidansa ake zaman shari'ar gandu. Daga waje ba ka ganin wata alama: fuskar jan bulo, tagogin ƙarni na 18, bututun hayaƙi ɗaya a tsakiyar rufi. Tambayata biyu ce ga masana. Da me ake gane tsohon gidan a cikin na yanzu? In kuma an zo gyara, mayar da shi za a yi yadda aka fara gina shi, ko a bar shi yadda manoma suka bar shi?

Dakta Hadiza:
Wa alaikumus salam. Baban Ummi, bari a fara da tsarin gidan, don a kansa sauran bayanin ya rataya. Daga ƙarni na 13 zuwa farkon na 16 tsarin kusan ɗaya ne, gidan dutse ne ko na katako. A tsakiya akwai babban zaure, buɗe tun daga daɓe har ƙoƙon rufi, babu bene a kansa. A tsakar zauren ake hura wuta, hayaƙi ya tashi ya nemi kafar da aka bar masa a sama. A gefe guda akwai lungu da ya ratsa gidan, ƙofar gaba da ta baya suna kallon juna. Bayan lungun ɗakunan ajiya ne biyu, na burodi da na abin sha, a manyan gidaje kuma akwai ƙofa ta uku a tsakaninsu mai kai mutum kicin, wanda sau da yawa a ware ake gina shi saboda tsoron gobara. A ɗaya gefen teburin maigida yake, wani lokaci a kan dakali, bayansa ɗakin iyali, sama da shi kuma ɗakinsa na keɓe. Wanda yake son ganin zaure irin wannan da ba a yi wa bene ba, ya duba Stokesay a Shropshire, wanda attajirin ulu Laurence na Ludlow ya gina a ƙarshen ƙarni na 13.

Saukar darajar kuwa ba rana ɗaya ta faru ba. Bayan annobar 1348 zuwa 1349 ƙwadago ya yi tsada, masu gandu da yawa suka daina noma da kansu suka ba da haya. Wasu dangi sun tara gandaye ta hanyar aure da gado, suka zauna a gida ɗaya suka sa 'yan haya a sauran. Da Sarki Henry na Takwas ya rushe gidajen sufayen Kirista tsakanin 1536 da 1541, gandayensu ma suka canza hannu. Lytes Cary a Somerset misali ne: dangin Lyte sun sayar a 1755, manoma 'yan haya suka shiga, babban zauren ya zama ma'ajiyar giyar tuffa, sai a 1907 Sir Walter Jenner ya saya ya gyara.

Ni a ganina hayar nan ce ta ceci gidajen. Mai kuɗi rushewa yake yi ya gina na yayi. Ɗan haya ba shi da kuɗin rushewa, ba shi da dalili, sai dai ya toshe, ya raba ɗaki, ya yaɓe.

Malam Sani Kafinta:
Dakta ta share fage. Amsar tambayar farko a cikin rufi take. A ɗauki tocila a hau.

Abu na farko kunkunniya. In gidan ya taɓa yin zaure buɗaɗɗe, azarorin da ke bisa tsakiyar gidan za su yi baƙi ƙirin, baƙin da ya yi ɓawo ya shiga jikin katako, har fuskar da ke kallon sama. Ana bin baƙin har inda ya tsaya. Yawanci a jikin wani bangon yaɓe yake yankewa, fuska ɗaya baƙa, ɗaya fes. Nan ne iyakar zauren, ko da a ƙasa an raba wurin ɗaki uku. A kiyaye dai da abu biyu: baƙin gobara yana cin katako ya mai da shi gawayi, na murhu ba ya ci, sannan in aka ga azara baƙa ɗaya tsakanin farare, daga wani gini aka ciro ta.

Na biyu, ƙirar rufin. A Kent da Sussex, a ƙarni na 14 da na 15, za a ga ɗan ginshiƙi tsaye a tsakiyar gungumen da ya ɗaure bango da bango, yana tallafe wani dogon katako da ya bi tsawon rufin. A yamma da arewa da tsakiyar ƙasar an fi samun manyan itatuwa biyu masu lanƙwasa, waɗanda suka taso daga ƙasa ko daga cikin bango suka haɗu a ƙoli. In aka tarar da ɗan ginshiƙin nan an sassaƙa shi kusurwa takwas, da ado a kai da gindi, alhali yana cikin duhu inda ba mai ganinsa, to ba don duhu aka yi shi ba. Da can daga ƙasa ake ɗaga kai a kalle shi.

Na uku, lambobin kafinta. A fili ake fere katakon gidan duka, a gwada, a warware, a kawo wurin gini, don haka kowane haɗi da lambarsa irin ta Rumawa da aka karta da kurfi. In lambobin suna tafiya I, II, III sai suka tsallake zuwa VI, an cire wani sashe. In aka ga ramin haɗi babu komai a ciki, da hujin ƙusar katako a gefensa, akwai ginshiƙi ko bango da ya taɓa tsayawa a wurin.

Akitek Binta:
Malam Sani, duk abin da ka faɗa daidai ne, amma zaure buɗaɗɗe kawai yake tabbatarwa, ba gidan mai gandu ba. Manoma masu hali su ma haka suke gini. Gidan Bayleaf, wanda aka ciro daga Chiddingstone a Kent aka sake kafawa a gidan tarihin Weald and Downland, na farkon ƙarni na 15 ne, yana da zaure da lungu da ɗan ginshiƙin rufi, kuma gidan noma ne. In kunkunniya ce hujja, kowane tsohon gida a Kent sai ya zama na mai gandu.

Abin da ke bambantawa tarin alamu ne. Faɗin zauren da yawan adon gungumensa. Ɗan ɗakin ibada na gida, kamar na Lytes Cary da aka gina wajen 1343. Ɗakin tattabaru, domin a wancan zamani ba kowa doka ta yarda ya gina shi ba, haƙƙin masu gandu ne da manyan coci. Tafkunan kiwon kifi. Kusanci da cocin ƙauye, har wani lokaci katanga ɗaya ce ta raba su. Ramin ruwa da ya kewaye gida shi ma alama ce, amma ba shi kaɗai ba: an san wurare kusan 6,000 masu irin wannan rami a Ingila, akasari an haƙa su tsakanin 1250 da 1350, kuma ba duka ne na masu gandu ba. Hukuncin ƙarshe na takarda ne, wato littattafan shari'ar gandu da takardun haya.

Malam Sani Kafinta:
Na yarda, Hajiya. Katako yana faɗin yadda aka gina, ba ya faɗin sunan wanda ya biya.

Dakta Hadiza:
Akwai takardar da take haɗa ku biyu. Daga 1662 zuwa 1689 an karɓi harajin murhu, sule biyu a shekara kan kowane murhu, kuma jerin sunayen ya tsira a gundumomi da yawa. In takarda ta ce gidan yana da murhu tara a lokacin, yau kuma huɗu ake ƙirgawa, an rushe wani ɓangare. Wannan ya zama ruwan dare: ɗan haya ba ya bukatar fukafukai biyu, wato sassan ginin da ke gefe biyu na zauren, sai a rushe ɗaya a gina rumbu da duwatsunsa. Shi ya sa ake duba bangon rumbu da na garke, a ga ko akwai sassaƙaƙƙen dutsen taga a ciki.

Batun bututun hayaƙi kuma, William Harrison ya rubuta a 1577 cewa dattawan ƙauyensu a Essex suna mamakin yawan bututun hayaƙin da aka gina a zamaninsu. Daidai lokacin ke nan da ake yi wa zauruka bene. Wasu gidajen ba su tafi kai tsaye ba: sun fara keɓe wani siririn sashe na zauren don hayaƙi ya bi, suka rufe sauran da bene, daga baya suka gina bututun bulo a cikin sashen.

Akitek Binta:
A ƙasa ma benen da aka cusa yana tona kansa. Gungumen da ke ɗauke da shi ba ya shiga ginshiƙan bango da haɗi na asali, sai dai a kan wani katako da aka manna, ko a jikin bututun hayaƙi. Doguwar tagar zauren kuma za a ga bene ya yanke ta biyu. Bulon bututun siriri ne, kauri wajen inci biyu, ba milimita 65 irin na yau ba. Sai dai kada a ga taga a toshe a ce harajin taga ne kai tsaye. Harajin ya yi aiki daga 1696 zuwa 1851, gaskiya ne, amma tagogi da yawa an toshe su ne don an sauya tsarin ɗaki, wasu kuma tun farko makafi aka yi su don fuskar gida ta daidaita.

Alhaji Garba Magini:
To a zo tambaya ta biyu, don nan ne gardamar take. Ni ina ganin in hujja ta cika, a buɗe zauren. Ga Great Chalfield a Wiltshire. Thomas Tropenell ya gina shi tsakanin wajen 1465 da 1480. Ya koma gidan haya na manoma, a ƙarshen shekarun 1830 aka rushe wani sashe aka yi wa zauren bene. Allah ya sa kafin nan Thomas Larkins Walker ya auna gidan ya zana shi dalla-dalla. Da waɗannan zane-zane Harold Brakspear ya yi aiki daga 1905, ya mayar wa Robert Fuller gidan kamanninsa, a 1943 kuma aka miƙa shi ga National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi. Yau mutum yana shiga ya ga zauren da tsayinsa, ya ga fuskokin dutsen nan da aka huda don leƙen zaure daga ɗakunan sama. Wa zai ce gara a bar benen?

Akitek Binta:
Ranka ya daɗe Alhaji, Great Chalfield ba ma'auni ba ne. Benen da aka cire a can bai kai shekara saba'in ba, kuma akwai zanen abin da aka rushe. Irin gidan da Baban Ummi ke magana a kai, sau da yawa benensa na wajen 1600 ne, da gungume mai sassaƙa, da murhu mai faɗin da mutum zai zauna a ciki, da matakala da ta naɗe jikin bututun hayaƙi. Wannan ya haura shekara 400. In ka cire shi ka hallaka abu na gaske don ka samo abin da rabinsa zato ne, domin ba ka san yadda tagar asali take ba, ba ka san inda allon katakon da ya raba lungu da zaure ya tsaya ba. Kan irin wannan ne William Morris da Philip Webb suka kafa SPAB, ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine, a 1877: a gyara abin da ke nan, kada a kankare tarihi a ƙirƙiro wani.

Doka ma a yau ba za ta sake maka ba. Kusan duk ginin da aka yi kafin shekarar 1700 kuma bai sauya sosai ba yana cikin rajista, a mataki na I, ko II*, ko II, sama da kashi 90 cikin ɗari a na II suke. Kariyar ta shafi ciki da waje. A ƙarƙashin dokar 1990, duk aikin da zai taɓa halin ginin sai da izinin ƙaramar hukuma, yin sa babu izini kuma laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa.

Alhaji Garba Magini:
Na sallama kan benen 1600. Ban sallama kan bangon filasta na 1960 da siminti da aka lafta wa murhu ba. Ba duk abin da ya tsufa ne tarihi ba.

Akitek Binta:
A nan ba mu da saɓani. Amma ko shi sai an ɗauki hoto, an auna, an buɗe ɗan wuri kaɗan an leƙa. A bayan irin wannan filasta ake samun zanen bango na ƙarni na 16.

Injiniya Bashir:
Akwai abin da ya kamata a sa a lissafi kafin a cire komai. Benen da aka cusa da bututun hayaƙi sau da yawa su ne ke riƙe da gidan yanzu. Ga dalili. Da aka yi bene, gungumen da ya ɗaure bango da bango ya zamo yana ratsa sabon ɗakin sama daidai ƙugu ko ƙirji. Manomi yana son wucewa daga ɗaki zuwa ɗaki, sai ya yanke tsakiyarsa ya yi ƙofa. Aikin wannan gungume shi ne hana rufi ture bango waje. Da an yanke shi, kan bango ya fara buɗewa, ƙolin rufi ya lotsa, haɗin azara ya zare. Abin da ya hana gidan faɗuwa shi ne azarorin bene da suka kama bango daga ƙasa.

Alamunsa: bango ya yi ciki a sama, tsaga tsakanin silin da bango, harshen haɗi, wato bakin katakon da aka fere, ya fito daga raminsa ana ganin farin katako. Kafin a yi komai sai a san ko motsin na da ne ko yana ci gaba. Ana manna ma'aunin tsaga a karanta shi shekara guda cur, domin ƙasar laka tana kumbura da damina ta tsuke da rani. In ya tsaya, a bar shi a karkacensa. Kada a ce za a ja bangon ya miƙe, don duk abin da aka gina daga baya a kan karkacen aka gina shi. In yana tafiya, sai a sa sandar ƙarfe mai ɗauri a cikin kaurin bene, ko a kewaye ƙofar da firam ɗin da zai mayar da ɗaurin.

Abu na biyu nauyin rufi. Azarar da aka yanka don jinka ba ta ɗaukar tayil ba tare da ƙari ba. Tayil ɗin yumɓu na Ingila, wanda dokar 1477 ta tsayar da girmansa inci 10½ da 6¼, guda 60 ne ke rufe murabba'in mita ɗaya. Falalen dutse irin na Cotswold ko Horsham ya fi shi nauyi nesa. Little Moreton Hall a Cheshire, wanda shi ma manoma 'yan haya suka daɗe a ciki, ya lanƙwashe ne saboda dogon ɗakin da aka ɗora a sama da rufin dutse, kan katakon da bai isa ɗaukarsa ba.

Baban Ummi:
Injiniya, to tsakanin motsin gini da ruwa, wanne ya fi kashe su?

Alhaji Garba Magini:
Bari in amsa masa. Ruwa ne, kuma akasari ruwan da gyaran zamani ya kulle a ciki. Tsohon bango ba shi da rata a tsakiya, ba shi da leda a gindi. Yana shan ruwa, iska ta busar da shi ta haɗin farar ƙasa da yaɓe. In aka shafe shi da siminti, siminti ba ya bin motsin gini, sai ya yi 'yan tsage-tsage, ruwan sama ya shiga, ya rasa hanyar fita. Duk wanda ya ga abin da yaɓen siminti ke yi wa ginin tubali a Kano da Zariya, yadda ɓawon ke tsaye ƙasa na zubewa a bayansa, ya san ciwon. A Ingila ƙari shi ne sanyi: ruwan da ke cikin bulo ya daskare, ya kumbura, fuskar bulon ta ɓare, haɗin siminti ya rage tsaye.

Yadda ake sake cike haɗi: a ƙwaƙule tsohon da hannu, ba da injin yanka ba, don injin yana cin bakin bulo. Zurfi ya kai ninki biyu na faɗin haɗin. A share ƙura, a jiƙa. Kwaɓi kashi ɗaya na farar ƙasar da aka jiƙa ta kwana aƙalla wata uku, kashi uku na yashi mai kaifi mai gauraye manya da ƙananan tsaba. Kada ya yi ruwa, ya zama yana tsayawa a kan cokali. A danna shi ciki sosai, in ramin da zurfi a yi shi hawa-hawa. In ya fara ƙarfi a bubbuga fuskar da burushi mai tauri. Sai a rufe da buhun algarara mai laima kwanaki, domin farar ƙasa ba bushewa take yi ta yi ƙarfi ba, iska take sha a hankali, in rana ta busar da ita da wuri gari take zama. Ba a aikin in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5, shi ya sa daga bazararsu zuwa farkon kaka ake yinsa.

Injiniya Bashir:
Alhaji, a bututun hayaƙi da bangon da ke fuskantar ruwan kudu maso yamma fa? Wannan kwaɓin ba zai kai hunturu ba. Ni NHL 3.5 zan ce, wato farar ƙasar da ke yin ƙarfi da ruwa, mai lamba 3.5.

Alhaji Garba Magini:
A kan bututu sama da rufi, na yarda. A jikin bulo mai taushi ko dutsen alli, a'a. Lambar nan 2 ko 3.5 ko 5 mafi ƙarancin ƙarfinsa ce a kwana 28, kuma yana ci gaba da ƙaruwa bayan nan, har ya fi bulon tauri. Ƙa'idar ita ce kwaɓi ya fi abin da ya haɗa taushi, don in za a ci wani, shi a ci. Masu gyara da yawa yanzu sun koma kwaɓin zafi, a zuba toyayyen dutsen farar ƙasa kai tsaye cikin yashi mai laima ya tafasa a ciki, wanda shi ne yadda aka gina akasarin gidajen tun farko. Yana son tabarau da safar hannu, don yana ƙuna.

Daɓe ma haka. In aka zuba kankare da leda a ƙasa, laimar da da take fita ta tsakanin falalen dutse sai ta koma gindin bango. Sai wani ya zo da na'urar auna danshi ta lantarki, wadda don katako aka yi ta kuma gishirin bango ke ruɗa ta, ya ce a yi wa bango allurar maganin hana laima hawa. A bangon dutse mai cike da ɓaraguzai allurar ba ta yin layi. A fara da abin da ido ke gani: indararo da ya toshe, dalmar gindin bututun hayaƙi da ta tsage, ƙasar waje da ta taru ta haura daɓen ciki. A sauke ƙasar ta koma aƙalla milimita 150 ƙasa da daɓe.

Malam Sani Kafinta:
Wannan ƙasar da ta taru ita ke cin gungumen tushe, wanda duk ginshiƙan gidan ke tsaye a kansa. Katako in danshinsa ya haura kashi 20 cikin ɗari ruɓa ta samu wuri, bayan ruɓa kuma ƙwaro ya biyo. Mai huji wajen milimita 3 shi ne babban ƙwaron itacen oak, mai milimita 1 zuwa 2 ƙaramin ne na kayan ɗaki. Huji kawai ba ya nufin yana ciki, sai an ga sabon gari mai haske a ƙasa. Feshi ba ya kai wa ga wanda ke can tsakiyar gungume. Bushewa ce maganinsa.

In tushen ya ruɓe, a tokare ginshiƙan tukuna, a yanke ruɓaɓɓen sashen kawai har a kai lafiyayyen katako, a fere bakin tsoho da sabo su hau juna, a ɗaure. Sabon ya zama oak. Babban gungume ɗanye ake sa shi, don oak yana ɗaukar wajen shekara guda kafin kaurin inci ɗaya ya bushe, amma ƙaramin faci busasshe ake so, in ba haka ba ya tsuke ya bar rata. Ƙusar katako busasshiya ce, tsagaggiya ba yankakkiya da zarto ba. Hujin harshe ana gusar da shi wajen milimita 3 zuwa kafaɗa, don ƙusar in ta shiga ta jawo haɗin ya matse. In dole sai ƙarfe, a sa wanda ba ya tsatsa, domin ruwan jikin oak yana cin baƙin ƙarfe.

Tsakanin ginshiƙai kuma, in yaɓen asali yana nan, a riƙe shi. Sanduna ne na oak a tsaye, an saƙa tsumagun hazel a kansu, an yaɓe da laka da tattaka da kashin shanu, an shafe da farar ƙasa. In ya saki ana jiƙa shi a sake kwaɓawa a mayar. Cike gurbin da bulo yana ƙara nauyi, yana kuma tara ruwa a kan katakon da ke ƙasa. Ratar da ke buɗewa tsakanin yaɓe da katako ba a toshe ta da roba, da farar ƙasa mai gashi ake cikewa. Kuma don Allah kada a wanke gungume da injin feshin yashi. Yana tafiya da lambobin kafinta da sawun gizago da duk wani fenti na da.

Dakta Hadiza:
Malam, har kunkunniyar kanta. Akwai gidaje, musamman a Devon, da ƙasan jinkarsu na asali ne tun zamanin zaure buɗaɗɗe, baƙi da hayaƙi, domin masu baibaya suna cire na sama ne kawai su ɗora sabo. A ciki ana samun irin alkama da hatsin rai da ciyayin gona na shekara 500 da suka wuce. Wanda ya kware jinka har azara ya zubar da wannan duka.

Baban Ummi:
Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya. In ana son shekarar gini takamaimai, ba ƙarni ba?

Malam Sani Kafinta:
Zoben itace ake ƙirgawa. Masanin yana huda gungume ya ciro siririn sanda kamar kaurin yatsa, ya auna faɗin kowane zobe, ya gwada da jerin da aka riga aka sani na yankin. Yana bukatar zobe 50 ko fiye, kuma daga katako da yawa na sashe ɗaya, ba guda ɗaya ba. In gefen da ke ƙarƙashin ɓawo ya tsira, ana samun shekarar da aka sare itacen, wani lokaci har da lokacin shekara. In an fere gefen, tazarar shekaru kawai za a bayar. Tunda ɗanye ake aiki da oak, gini bai cika wuce shekara ɗaya ko biyu bayan sara ba. A ɗauki samfur daban daga rufin zaure, daban daga gungumen bene, daban daga kowane fiffike, sai a samu shekarar gini da shekarar da aka rufe zauren.

Akitek Binta:
A tambayi jami'in kula da tsofaffin gine-gine na ƙaramar hukuma kafin a huda, don wasu suna neman izini a rubuce. Kuma kafin kowane aiki a cikin rufin sai an duba jemagu. Doka tana kare su da maɓoyarsu tun 1981, binciken fitowarsu kuma tsakanin Mayu da Satumba ake yinsa, don haka wanda ya makara sai ya jira wata shekara kafin ya taɓa rufin.